Jane Addams, Maƙwabciyar 'Yan Ci-rani

A ran 18 ga watan Satumba na shekarar 1889, waɗansu mata biyu suka kwashi kayansu suka tare a wani tsohon gida da ke Titin Halsted, a tsakiyar unguwar talakawa ta birnin Shikago na ƙasar Amurka. Ɗaya daga cikinsu ita ce Jane Addams, ɗayar kuwa ƙawarta ce Ellen Gates Starr. Mutanen unguwar sun yi ta kallonsu da zargi, domin ba su taɓa ganin mai wadata ya bar daula ya zo ya zauna cikin leburori haka kawai ba. Wannan gida shi ne ya shahara da sunan Hull House, kuma a cikinsa Jane ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

An haifi Jane Addams ran 6 ga Satumba, 1860, a ƙauyen Cedarville na Jihar Illinois. Mahaifinta, John Addams, attajiri ne mai injinan niƙa, kuma ɗan majalisar dattawan jihar. Mahaifiyarta ta rasu tun tana 'yar shekara biyu, sa'an nan wata cuta ta taɓa mata ƙashin baya tun tana ƙarama. Ta sauke karatu a makarantar mata ta Rockford a 1881, shekarar da mahaifinta ya rasu. Ta shiga koyon aikin likita, amma rashin lafiya ya sa ta bari. Ta yi shekaru tana zagaya ƙasashen Turai ba tare da ta san abin da za ta yi da iliminta ba, har zuwa 1888 da ta ziyarci Toynbee Hall a gabashin Landan, watau wani gida inda masu ilimin jami'a ke zaune cikin matalauta suna taimakonsu. Daga nan ta ƙudura cewa za ta kafa irinsa a ƙasarta.

A wancan zamani mutanen Shikago sun haura miliyan ɗaya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari baƙi ne da aka haifa a wasu ƙasashe. Unguwar da Jane ta zaɓa cike take da 'yan ci-rani daga Italiya da Jamus da Ailan, da Yahudawa daga Rasha da Folan, daga baya kuma Girkawa. Mazan suna leburanci a masana'antu da hanyar jirgin ƙasa, dillalan ƙwadago na yankar la'ada daga ɗan abin da suka samu. Matan da yara kuwa suna ɗinkin tufafi cikin ƙuntatattun ɗakunan haya, ana biyansu bisa yawan abin da suka ɗinka. Yawancinsu ba su jin Ingilishi, saboda haka ko an cuce su ba su san inda za su kai ƙara ba.

Jane ba ta zo da shirin raba sadaka ba. Zaman maƙwabtaka ta zo yi. Ita da abokan aikinta sun riƙa jinyar marasa lafiya, da wankan jarirai, da shirya gawa idan an yi rashi. Sannu a hankali buƙatun mutane suka nuna musu abin yi. Aka buɗe gidan renon yara domin iyaye mata masu fita aiki, da ajin dare na koyon Ingilishi, da wurin wanka, da ofishin neman aiki, da masauki ga 'yan mata ma'aikata waɗanda suke haɗa kuɗi su ciyar da kansu. Kafin a jima gidan ya zama gine-gine 13, dubban mutane na shiga da fita kowane mako.

Amma zama cikin mutane ya koya mata cewa alheri kaɗai ba ya raba talaka da zalunci. A bikin Kirsimeti na farko an miƙa wa waɗansu ƙananan 'yan mata alewa suka ƙi karɓa, domin sun yi makonni suna aiki a masana'antar alewa daga ƙarfe 7 na safe zuwa 9 na dare, har ba su son ganinta. Irin wannan ne ya sa mutanen gidan suka shiga bincike gida-gida, suna rubuta albashi da yawan sa'o'in aiki. Binciken da Florence Kelley ta jagoranta ya taimaka wajen kafa dokar Jihar Illinois ta 1893, wadda ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 14 aiki a masana'anta, ta kuma ƙayyade aikin mata zuwa sa'a 8. Masu masana'antu suka garzaya kotu, a 1895 aka soke sashen da ya shafi mata, amma hanin bautar da yara ya tsaya.

A wannan shekara ta 1895 Jane ta karɓi aikin duba-gari na unguwarsu, domin shara ta yi katutu a lunguna, cututtuka kuwa na kashe yara. Tun ƙarfe 6 na safe takan fito ta bi kekunan shara don ta tabbata 'yan kwangila sun yi aikin da aka biya su. Har ila yau, mutanen gidan na cikin waɗanda suka yi fafutukar kafa kotun yara ta farko a Amurka a 1899, da ƙungiyar kare baƙi ta 1908 a ƙarƙashin Grace Abbott, wadda ke tarbar sababbin zuwa a tashoshi kafin macuta su riga ta.

Wannan tsayin daka bai zo mata a banza ba. Sassaucin da ta nuna wa ƙungiyoyin ƙwadago ya sa waɗansu attajirai suka janye gudunmawarsu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ta shugabanci taron mata na neman sulhu a birnin Hague a 1915, ta kuma ƙi goyon bayan shigar ƙasarta yaƙin a 1917. Jaridun da suka saba yabonta suka koma zaginta, aka riƙa yi mata kallon maciyiyar amanar ƙasa. Ba ta sauya ra'ayi ba, sai da shekaru suka shuɗe kana aka dawo ana girmama ta. A 1931 ta zama mace ta farko 'yar Amurka da ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya.

Jane Addams ta rasu a Shikago ran 21 ga Mayu, 1935, tana da shekara 74, aka binne ta a Cedarville bayan dubban maƙwabtanta sun yi mata ban kwana a Hull House. A 1963 aka rushe yawancin gine-ginen domin gina jami'a, amma an bar ainihin gidan, ya zama gidan tarihi. Abin da ta bari ya fi gini: ta nuna cewa mai son taimakon lebura baƙo sai ya zauna kusa da shi ya san ciwonsa, sa'an nan ya tsaya a gaban hukuma har doka ta kare shi.