Ben Hogan: Ɗan maƙerin da ya kai bugun atisaye fagen gasa

A filin golf na IBB da ke Abuja, wanda aka buɗe a 1991, da takwarorinsa na Kaduna da Kano da Jos, akwai kukan da ba ya barin bakin 'yan wasa. Ƙwallon da take tafiya ɗoɗar a wurin atisaye, da zarar an tsaya bugun farko a gasa sai ta nufi jeji ko ta faɗa ruwa. A tarihin wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, da wuya a sami wanda ya sha fama da wannan matsala kuma ya ci ƙarfinta kamar Ba'amurken nan Ben Hogan.

An haifi William Ben Hogan ranar 13 ga Agusta, 1912, a garin Stephenville na jihar Texas. Mahaifinsa maƙeri ne, kuma ya kashe kansa a 1922, lokacin yaron yana ɗan shekara tara. Iyalin suka shiga ƙunci a birnin Fort Worth, har ta kai Ben yana tallar jarida a tashar jirgin ƙasa. Yana ɗan shekara 11 ya fara dakon jakar sanduna a kulob ɗin Glen Garden, inda ya haɗu da sa'ansa Byron Nelson, wanda shi ma daga baya ya shahara. A gasar yaran dako ta 1927 Nelson ne ya doke shi da ƙyar.

Hogan ya shiga sahun ƙwararru a 1930, bai ko cika shekara 18 ba, amma sai da ya shafe shekara goma kafin ya ci babbar gasa shi kaɗai. Abin da ya yi masa tarnaƙi shi ne ƙwallonsa tana karkacewa hagu. Hakan yana faruwa ga mai bugu da dama idan fuskar sanda ta rufe a daidai lokacin da ta taɓa ƙwallo, sai ta tashi ƙasa-ƙasa, ta lanƙwasa, ta yi ta gangarawa cikin doguwar ciyawa. Fargabar gasa kuma tana ƙara wa hannu gaggawa, lahanin ya ƙaru. Ba sau ɗaya ba kuɗi suka ƙare masa ya koma gida. A 1938, a birnin Oakland, shi da matarsa Valerie suna dab da tsiyacewa aka sace tayoyin motarsu. Dala 285 da ya samu a gasar ita ta ba su damar ci gaba da tafiya.

A wancan zamani yawancin ƙwararru sukan wuce hutu da zarar sun gama zagayen yini. Hogan kuwa yakan koma filin atisaye ya yi ta bugu har hannuwansa su yi kanta. Yawan bugun ba shi ne ya bambanta shi da saura ba, tsarin da yake bi ne. Yakan tsayar da yaron dakonsa can nesa ya zama abin saiti, kowace ƙwallo da inda ake so ta sauka. Ya san nisan da kowace sanda take kai masa. Yakan tsaya ya shirya wa ƙwallon atisaye kamar yadda zai shirya wa ta gasa, domin kada hannu ya saba da abin da ba zai samu ba ranar da ake ƙirga bugu.

Sakamakon ya fara bayyana a watan Maris na 1940, lokacin da ya ci gasa uku a jere a jihar North Carolina. Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ci gasa 13 a 1946 kaɗai, ciki har da gasar PGA, wadda ita ce ta farko da ya ɗauka cikin manyan gasa huɗu na duniya. Duk da haka bai gamsu ba. Ya sauya riƙon sanda, ya juya hannun hagu kaɗan, ya lanƙwasa wuyan hannun a ƙarshen ɗagawa yadda fuskar sanda ba za ta rufe ba komai ƙarfin bugun. Sai a 1955 ya bayyana wannan dabara a mujallar Life.

Abin da ya samu da wannan sauyi shi ne ƙwallon da take lanƙwasa dama kaɗan, ta sauka a hankali. Hikimar ita ce ya daina neman bugu miƙaƙƙe, wanda kuskurensa kan iya zuwa ta kowane gefe. Ya zaɓi bugun da ya san gefen da zai kauce. Idan ya saita gefen hagu na hanya, faɗinta gaba ɗaya ya zama nasa, haɗarin da ke hagu kuma ya fita daga lissafi. A 1948 ya ci gasa goma, har da US Open da PGA.

Ranar 2 ga Fabrairu, 1949, cikin hazo a kusa da garin Van Horn na Texas, wata bas ɗin Greyhound ta yi taho-mu-gama da motarsu. Hogan ya faɗa kan matarsa don ya kare ta, kuma hakan ya cece shi, domin sitiyari ya huda kujerar direba. Ya karye a ƙugu da ƙashin kafaɗa da idon sawun hagu, gudan jini kuma ya kusa halaka shi. Ya yi kwana 59 a asibiti, likitoci suna shakkar ko zai sake tafiya sosai.

Bayan wata 16, a watan Yuni na 1950, ya shiga gasar US Open a filin Merion ƙafafunsa naɗe da bandeji. Ya nazarci filin tun kafin a fara, har ya cire sanda mai lamba 7 daga jakarsa domin ya ga babu inda zai buƙace ta. A ranar ƙarshe ya taka ramuka 36. A rami na ƙarshe ya buga da sanda mai lamba 1, wadda ta fi kowace wuyar sarrafawa, ya kai ƙwallon dandalin rami ya yi kunnen doki da Lloyd Mangrum da George Fazio. Washegari ya doke su.

Ciwon ƙafa ya hana shi shiga gasa da yawa, don haka shiri ya maye gurbin yawan fafatawa. A 1953 ya shiga gasa shida ya ci biyar, ciki har da Masters da US Open da gasar Open ta Birtaniya, wadda sau ɗaya tak ya taɓa bugawa. Ya isa Carnoustie a Scotland kusan mako biyu kafin gasar, ya saba da iskar teku da ƙasa mai tauri da ƙaramar ƙwallon da ake bugawa a Birtaniya a lokacin. A rami na shida akwai shingen iyaka a hagu da ramukan yashi a tsakiyar hanya. Yawancin 'yan wasa sukan kauce dama, shi kuwa ya riƙa bi ta siririn wurin da ke tsakaninsu, yana saita wajen shingen ƙwallon tana dawowa. Bugunsa ya yi ta raguwa daga 73 zuwa 71, 70 da 68, ya yi nasara da tazarar huɗu. Yau ramin yana ɗauke da sunansa.

A 1957 ya fitar da littafinsa Five Lessons tare da marubuci Herbert Warren Wind. A ciki ya ba da muhimmanci ga riƙo da tsayuwa, da ɗan kaɗa sandan da ake yi kafin bugu, wanda ya ɗauka a matsayin gwajin bugun da ke tafe. Wannan tafarki yana da amfani ga mai wasa a Abuja, inda fili kan bushe lokacin hunturu ƙwallo ta yi ta gudu, da damina kuma ta tsaya inda ta sauka. Wanda ya zazzage kwandon ƙwallaye da sanda ɗaya ba tare da abin saiti ba, jiki kawai ya motsa. Wanda ya ware faɗin hanya tsakanin alamu biyu, yana sauya sanda bayan kowane bugu, yana ƙirga waɗanda suka faɗa ciki, shi ya fi kusa da abin da zai tarar a gasa.

Hogan ya ci gasa 64 a zagayen ƙwararru na Amurka. Tara daga ciki manya ne, kuma shida cikin taran bayan haɗarin motar ya ɗauke su. Ya kafa kamfanin ƙera sanduna a Fort Worth a 1953. Ko bayan ya bar gasa ya ci gaba da fita atisaye shi kaɗai a kulob ɗin Shady Oaks har tsufa ya cim masa. Ya rasu a Fort Worth ranar 25 ga Yuli, 1997, yana da shekara 84.