Tarihin Henrietta Lacks

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, zan ba ku labarin wata 'yar manoma kamarmu. An haifi Henrietta Lacks a Amurka a 1920, ta tashi tana noman taba. A 1951 ciwon dajin bakin mahaifa ya yi ajalinta, ta bar 'ya'ya biyar. Likitoci sun yanki ɗan naman ciwon ba da saninta ba, ƙwayoyinsa kuwa har yau suna hayayyafa a ɗakunan bincike. Daga baya aka gano ƙwayar cutar HPV a cikinsu, kuma da su masana ke gwada sinadaran gano furotin ɗinta. A 2023 aka fara yi wa 'yan mata allurar rigakafinta a Jihar Kano. Ina roƙon iyayenmu su kai ƙannenmu mata a yi musu.