Muhammadu Kanta da Kafuwar Daular Kabi

A farkon ƙarni na 16, yammacin ƙasar Hausa ya kasance tsakanin manyan dauloli biyu: Songhai daga yamma, Barno daga gabas. Mutumin da ya hana su haɗiye wannan yanki shi ne Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a fadamar Gulbin Rima.

Labarin baka ya danganta asalin Kanta da Kuyambana ta ƙasar Katsina, inda aka ce ya taso cikin makiyaya, ya shahara da dambe da jarunta har samari suka sallama masa jagoranci. A rubuce kuwa, littafin Tarikhus Sudan na Abdurrahman Assa'adi ya ambace shi a matsayin sarkin Leka, wanda ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas. Bayan an dawo, saɓani ya auku a kan rabon ganima, Kanta ya janye mubaya'arsa a wajajen 1516. Rundunar da aka tura masa ba ta yi nasara ba. Haka kuma Askiya Muhammadu Bunkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya kawo masa hari, ya koma da mummunan kaye.

Ƙarfin Kanta bai tsaya ga takobi kaɗai ba. Ya fahimci amfanin fadama, wadda ke ciyar da jama'a da shinkafa da kifi, sannan ta hana dawakin abokan gaba sakewa idan ruwa ya cika. A gefenta ya ƙarfafa biranen Leka da Gungu, ya kuma gina Surame ya mai da ita hedikwata, da ganuwa ta dutse da laka. An ruwaito cewa ƙasashen da ke ƙarƙashinsa ne suka aiko da ma'aikata, kuma Nufawa da suka makara an sa su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya. Ko da ruwayar na da ƙari, tana nuna faɗin ikon da ake jingina masa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinsa a Infaƙul Maisuri, har da karawarsa da Barno. Bisa ruwayar da ta shahara, Barnawa sun kewaye Surame suka kasa cin ta, Kanta ya bi su har Nguru ya fatattake su. A hanyar dawowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, raunin ya zama ajalinsa a tsakiyar ƙarnin, aka ɗauko gawarsa zuwa Kabi.

Daular ta ɗore bayansa. An bar Surame a farkon ƙarni na 18 aka koma Birnin Kabi, wanda masu jihadi suka ci a 1805, daga bisani Kabawa suka kafa fadarsu a Argungu. Tsohuwar fadar ce aka mayar gidan tarihi mai sunan Kanta. Kufan Surame kuwa, da ke Jihar Sakkwato a yau, an ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, ya kuma shiga jerin wucin gadi na UNESCO a 2007.

Wannan ganuwa ce shaida mafi ƙarfi da za a iya auna ruwayoyin Kanta da ita, ga shi kowace damina na zaizaye wani sashe nata. Haƙƙi ne a kan manazarta su auna ta, su tona, su rubuta, tun tana tsaye.