Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Madubin Rana

'Yan'uwana mata, idan aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, abin da yake fara faɗo wa mutum a rai shi ne malanta da jihadi da mulki. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani hali nasa da ba a cika faɗa wa yara a makaranta ba, watau son sanin yadda abu yake aiki. In an ajiye masa wani baƙon abu a gabansa, ba ya tsayawa ga mamaki kurum. Sai ya duba, ya yi ta tambaya har ya gane. Irin halin nan ne muke gani ga yaron da yake kwance tocila ko tsohuwar rediyo, ko ya tara kara da gwangwani ya ƙera mota, mu kuwa mu bi shi da faɗa wai ɓarna yake yi. Shi ya sa na ga ya dace filinmu na yau ya dubi rayuwar Bello ta wannan fuska.

An haife shi cikin shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya tashi a Degel, cikin gidan da maza da mata duk suke karatu da rubutu, ƙanwarsa Nana Asma'u ma ta isa shaida. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da kuma baffansa Malam Abdullahi. Bai wuce shekara 23 ba sa'ad da jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma shi ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. A 1809 ya kafa Sakkwato. Shehu ya zauna a Sifawa har zuwa 1815, Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga nan kusa da shi. Ke nan duk wadda ta taso daga Shagari za ta Sakkwato ta Boɗinga, cikin ƙasar da mutanen nan suka zauna suka karantar take ratsawa. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1812, Bello ya rubuta littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya yi shekara 20 yana sarauta.

Tun kafin wani Bature ya tako ƙasarsa, Bello ya san darajar mai sana'ar hannu. Cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba: manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa da masu magani, a ga cewa kowane gari ya sami nasa, a kuma gyara hanyoyi da gadoji da kasuwanni. Ku lura, malami ne babba yake maganar maƙeri da masassaƙi a littafin mulki. Shi kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

To, a watan Maris na 1824 sai ga baƙo ya iso Sakkwato, Kyaftin Kilafaton, hafsan jiragen ruwan Ingila, wanda ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus, ya bi ta Barno da Kano. Da sunan Abdullahi yake tafiya. Aka sauke shi wurin Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u. Shi ne ya rubuta abin da ya gani a fada, daga nan ne kuma muka san labarin da zai biyo.

Cikin tsarabar da ya kawo akwai bindigogi da tufafi da sauran kayan ƙawa. Amma abu biyu ne suka fi ɗaukar hankalin Sarkin Musulmi: madubin hangen nesa, da kamfas. Shi kamfas ɗan akwati ne mai allura da aka goga wa mayen ƙarfe, aka ɗora ta bisa tsini yadda za ta juya a sake. Duk yadda kika juya akwatin, allurar arewa za ta nuna, domin ita kanta duniyar nan tana da ƙarfin maganaɗisu mai jan ta. Wanda ya san arewa kuwa ya san gabas, alƙiblarmu a nan kuma gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Da aka yi wa Bello bayanin cewa da wannan abu zai iya gane gabas ko'ina yake, ya yi murna ƙwarai. Mutumin da rabin rayuwarsa a sansanin yaƙi ya yi ta, cikin daji da hazo da duhun damina, ba sai an gaya masa amfanin wannan ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ya aika a kawo masa wani abu da mutane suka ga Baturen yana leƙa rana da shi, har suka raɗa masa suna madubin rana. Kafin a fito da shi, Kilafaton ya shimfiɗa taswirar sama. Nan ya tarar ba ɗalibi ne a gabansa ba. Bello ya san burujai duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Daga nan aka kawo madubin, aka yi ta bayaninsa gaɓa gaɓa.

Ga yadda abin yake, don kada ku zaci tsafi ne. Na'ura ce ta matuƙan jirgin ruwa, mai ƙananan madubai biyu da hannu mai motsi bisa wani baka da aka yi wa zane-zanen awo. Mutum zai leƙa, ya riƙa motsa hannun har hoton rana ya sauko ya taɓa inda sama ta haɗu da ƙasa, kana ya karanta awon. Tsayin rana da tsakar rana shi yake gaya masa nisansa daga tsakiyar duniya, arewa ko kudu. A teku wannan ba wuya, domin ruwa shimfiɗe yake har iyakar gani. A tudu kuwa itatuwa da duwatsu suna tarewa, saboda haka sai a zuba zaiba cikin ɗan faranti, ta kwanta sumul kamar madubi, a auna tsakanin rana da hotonta na cikin zaibar, a raba biyu. Iyakar sirrin ke nan.

A jikin na'urar akwai wani ɗan madubin leƙe da yake nuna abu a kife, kai ƙasa ƙafa sama, domin haka gilasai biyu masu tudu suke juya haske in an jera su. Fadawa duka suka ƙi tsayawa a gabansa, suna tsoron sihiri. Bello bai ja da baya ba. Sai Baturen ne da kansa ya je ya tsaya daga nesa, Sarkin Musulmi ya sa ido ya dube shi a kife. Ni dai a duk labarin nan wurin ya fi ba ni sha'awa: fada cike da jarumawan da suka ga yaƙi iri iri, amma malamin ne ya leƙa. Har ya nemi a nuna masa yadda ake auna ranar.

A nan ne aka kusa samun matsala. Mabuɗin akwatin zaibar ya ɓace, murfin ya ƙi buɗuwa. Aka miƙa wa Kilafaton 'yar wuƙa, ta yi ƙanƙanta, sai ya nemi a ba shi babba irin ta ɗamara, bai ko tuna inda yake ba. Nan take Bello ya kai hannu ga takobinsa, ya zare shi rabi. Baturen ya rubuta wannan kamar abin dariya, amma kowa ya san al'adar fada ya san baƙo ba ya neman makami a gaban sarki. Da aka buɗe akwatin, aka ga abin da ke ciki, sai aka ci gaba da darasi.

Ya yi tambaya kuma game da jarida, irin wannan da take hannunku, ya yi mamaki da jin cewa a Ingila ana buga dubbai kowace safiya. A lokacin kuwa kowane littafi a Sakkwato da alƙalami da tawada ake kwafe shi, shafi bayan shafi.

Ba sarkin kaɗai yake da wannan ƙishirwa ba. A lokacin Waziri Giɗaɗo yana gina masallaci a Sakkwato, babban maginin kuwa mutumin Zazzau ne. Mahaifinsa ya je Masar, ya koyo wani abu na fasalin gini, ya rasu ya bar masa takardunsa, da su yake aiki. Abin da maginin nan ya fi kwaɗayi a kayan Baturen ba riga ba ce ba bindiga ba, wata rula ce mai zanen lissafi da ake awo da ita.

Da Kilafaton zai koma a watan Mayu, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, da taswirar ƙasarsa. Ya nemi makamai, gaskiya ne, domin yana cikin yaƙi da Gobirawa. Amma ya nemi kuma a aiko masa da likita da wakili su zauna a ƙasarsa. A ganina wannan ita ce buƙata mafi hikima. Duk wadda keken ɗinkinta ko injin markaɗenta ya taɓa tsayawa a garin da babu mai gyara ta san bambancin kyautar kaya da samun mai koyarwa. A daidai lokacin nan kuwa duniya tana juyawa: a 1825, tsakanin zuwan Kilafaton na farko da na biyu, aka buɗe hanyar jirgin ƙasa mai aiki da tururi tsakanin Sitokton da Dalintan a Ingila.

Zuwa na biyu bai yi daɗi ba. Ta teku suka biyo, suka sauka Badagiri a ƙarshen 1825, likitocin da ke cikin ayarin kuwa ba wanda ya iso Sakkwato. Ɗaya zazzaɓi ya kashe shi tun a ƙasar Yarabawa, ɗayan ya bi wata hanya ba a sake ganinsa ba. Kilafaton ya riski Bello a watan Oktoba na 1826. Wannan karon ya zo da littattafan Larabci, har da na Ibnu Sina kan magani, da na Uƙlidis, malamin Iskandariya ta Masar da ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafin Uƙlidis shi ne tushen ilmin layi da kusurwa da da'ira, wanda magini da mai auna fili da mai zana inji duk suke dogara da shi har yau. Bello ya fi murna da shi bisa sauran kaya. Dalili kuwa, gidansu suna da kwafinsa tun da, wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, gobara ta cinye shi shekara guda kafin nan.

Sai dai siyasa ta shiga tsakani. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Shehun Barno Alkanemi, Baturen kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyauta, har da makamai, zuwa Barno. Bello ya hana shi wucewa, aka karɓe kayan. Ga kuma Larabawa 'yan kasuwa suna tuna masa yadda Ingilishi suka shiga Indiya da ciniki suka ƙare da mulki. Son na'urar baƙo bai rufe masa ido ga nufin masu ita ba. Kilafaton ya kwanta ciwo, ya mutu ran 13 ga Afrilu 1827, baransa Landa ya binne shi a wani ƙauye a bayan gari.

Bello ya yi sauran shekarunsa yana kafa garuruwan ribaɗi a kan iyaka, yana zaunar da Fulani makiyaya su yi noma su sa 'ya'yansu karatu. Wurno ce ya fi zama. Ya yi babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno cikin watan Oktoba na 1837 yana da kimanin shekara 56, can kuma kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi, Nana Asma'u ta yi masa waƙar makoki. Likitan da ya nema bai zo ba har ya bar duniya. Baturen da ya biyo baya, Bajamushe mai suna Bat, sai a 1853 ya iso, zamanin ɗansa Aliyu Babba, shi ma matafiyi ne mai wucewa zuwa Tambutu.