Charlie Chaplin (1889–1977): Talaka da Soyayya a Finafinai Marasa Sauti

An haifi Charlie Chaplin a birnin Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889. Iyayensa mawaƙan dandamali ne, amma sun rabu tun yana ƙarami. Mahaifinsa ya dulmuya cikin shan giya har ya mutu a 1901, mahaifiyarsa kuma ta yi fama da taɓin hankali. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan da hukuma ke ajiye matalauta. Wannan ƙunci da ya taso cikinsa shi ne tushen jigon yawancin finafinansa.

Ya shiga ƙungiyar wasan barkwanci ta Fred Karno a 1908, kuma da ita ya je Amurka. A 1914 ya fara fitowa a fim, inda ya ƙirƙiro tauraron da ya shahara da shi: wani matalauci marar matsuguni, mai ɗan guntun gashin baki da burgujejen wando da manyan takalma, amma riƙe da sanda da malafa irin ta masu hali. Da yake fim a lokacin ba shi da sauti, da sutura da motsin jiki ake gane matsayin mutum. Shigar wannan tauraro kaɗai ta isa ta nuna talakan da ke neman a mutunta shi.

A fim ɗin The Tramp na 1915, matalaucin ya ceci 'yar wani manomi daga ɓarayi, ya kamu da sonta. Da saurayinta ya bayyana, sai ya ga ba shi da abin da zai yi takara da shi, ya kama hanya shi kaɗai.

Jigon ya fi fitowa a City Lights na 1931, wanda ya shirya ba tare da magana ba ko da yake finafinai masu magana sun bayyana tun 1927. Wata makauniya mai sayar da furanni ta ji an rufe ƙofar mota, sai ta ɗauka shi attajiri ne. Ya samo mata kuɗin maganin ido daga wani mai arziki da ba ya gane shi sai in ya bugu, lamarin da ya kai shi kurkuku bisa zargin sata. Bayan ta warke ta buɗe shago, ya fito cikin tsumma, ba ta gane shi ba sai da ta taɓa hannunsa. Fim ɗin ya ƙare bai faɗi ko za ta karɓe shi ba.

A 1952 hukumomin Amurka suka soke izinin komawarsa ƙasar bisa zargin goyon bayan gurguzu, ya zauna a Suwizalan. Ya rasu a can ranar 25 ga Disamba, 1977.

Auna Fahimta
1. Yaya tasowar Chaplin ta yi tasiri a jigon finafinansa?
2. Kwatanta jigon City Lights da na wani littafin soyayya na Hausa da ka nazarta.