Bernhard Schmidt, Gwani Mai Hannu Ɗaya

An haifi Bernhard Schmidt a 1879 a tsibirin Naissaar na ƙasar Istoniya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Rasha. Yana ɗan shekara 15 albarushin da ya ɗura cikin bututun ƙarfe ya fashe, ya raba shi da hannun dama.

A 1901 ya tafi garin Mittweida a Jamus neman ilmi. Can ya kama sana'ar goge madubin hangen taurari, watau aikin da tudu ƙanƙane wanda ido ba ya gani kan lalata shi ɗungum. Da hannun hagu kaɗai yake yi, amma masana suka yi ta neman aikinsa. Sa'ad da yaƙi ya ɓarke a 1914, aka tsare shi watanni don shi baƙo ne daga ƙasar abokan gaba, ciniki ya durƙushe.

Daga baya ya koma ma'aikatar binciken taurari ta Hamburg. A zamanin nan madubai kan fitar da tsakiyar hoto sarai, gefe kuwa dishi-dishi. A 1930 ya samo magani. Ya rufe bakin tasa da faifan gilashi, ya zuƙe iskar ciki har gilashin ya lotsa, ya goge shi a haka. Da ya sake iskar, faifan ya ɗauki siffar da ke daidaita haske kafin ya kai ga madubi.

Ya rasu ran 1 ga Disamba 1935, bai ci moriyar dabararsa ba. Madubin Kepler da Amurka ta harba sararin sama a 2009 bisa tsarinsa aka ƙera shi.