Rupert East da Idon Mai Karatu

Ɗalibin da ya buɗe littafin Hausa a Tanut ko Belbeji ya ga ɓ, ɗ da ƙ da lanƙwasarsu, da wuya ya san cewa an yi shekaru ana kai-kawo kafin a tsayar da su. Cikin waɗanda suka tsaya a kan maganar akwai Rupert Moultrie East, Baturen Ingila da aka haifa a 1898.

East ya yi karatu a Oxford, ya zo Nijeriya a ma'aikatar ilmi ta Turawan mulki. Ya yi aiki a ƙasar Tibi, har daga baya ya fassara littafin tarihin da Akiga Sai ya rubuta, aka buga shi a 1939. Amma Zariya ce ta fito da sunansa, inda ya shugabanci Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi.

Abin da ya tarar shi ne makarantu na yaye masu iya karatun boko, alhali babu abin karantawa sai littattafan aji da fassarori masu nauyi. Shi ya sa a 1933 ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da kansu. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, shi kuma ya haɗa hannu da John Tafida suka yi Jiki Magayi. Ƙananan littattafai ne marasa tsada, masu shiga aljihun riga.

Inda ya fi shafar masu nazarin harshe shi ne fuskar shafin kanta. Kafin lokacin, wani na sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani na maƙala alama a gefensa, wani ko damuwa bai yi. Ɗigo kuwa abu ne mai saurin ɓata a injin bugu, kuma da ya ɓace, baƙi sun zama baki, faɗa ta koma fada. A shekarun 1930 aka karɓi haruffa masu lanƙwasa irin waɗanda Cibiyar Harsunan Afirka ta Landan ta ba da shawara, East kuwa ya sa su cikin littattafan Zariya har ido ya saba da su. Bambancin ya shiga jikin harafin, ba a rataye yake ba.

Rubutun da ya tsaya a kai bai nuna karin sauti ko tsawon wasali. Bahaushe bai cika bukatarsu ba, domin jimla na faɗa masa abin da ake nufi. Mai koyon harshen ne ke shan wuya, kuma har yau ana muhawara a kan haka. Haka nan bokon da ya ƙarfafa ya ture ajami gefe, rubutun da ɗimbin almajirai suka riga suka iya.

Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya, Imam na editanta, farashinta na cikin sunanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, East na shugabantarsa. Ya koma Ingila a farkon shekarun 1950, ya rasu a 1975.

Duk wannan bai tsallako iyaka nan take ba, domin makarantun Faransawa a Damargu, kamar sauran ƙasar Nijar, da Faransanci kaɗai suke koyarwa. Sai bayan taron UNESCO na Bamako a 1966 haruffan suka samu gindin zama a ajin yaƙi da jahilci. Dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta riƙe su, tare da ƴ a gurbin da Nijeriya ke rubuta 'y.